Itace ko Gas: Wace Wuta Mai Hawa Dutse Zai Goya?

Shekaru kaɗan da suka wuce, in ka ce wa mutum za ka goya jaka ka hau dutse ka kwana a can, alhali ba farauta za ka ba, ba kuma kiwo ba, sai ya yi maka kallon wanda ya rasa aikin yi. Yanzu kuwa abin ya fara karɓuwa a tsakanin matasan Abuja da Jos da Kaduna. Yawancinsu fitar safe ce a dawo kafin magariba, da gorar ruwa da ɗan abin taɓawa. Amma akwai waɗanda suka zarce, suna kafa tanti a tsaunukan Shere da ke gabas da Jos, wasu su nufi Mambila, masu ƙarfin hali kuma su tasar wa Chappal Waddi, ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Najeriya, mita 2,419, can cikin gandun dajin Gashaka-Gumti a bakin iyakar Kamaru. Da zarar an ce kwana, to maganar wuta ta taso, don ba mai son ya wayi gari a kan dutse cikin sanyin asuba ba tare da ruwan zafi ba. A nan ake rabuwa gida biyu. Wasu su ce a ɗauki ɗan murhun ƙarfe da ake hura wa ƙirare, wasu su ce a ɗauki ɗan rishon da ake ɗaura wa gwangwanin gas. Ni ina tare da masu gas, kuma hujjata ba ta tsaya kan sauri ko sauƙi ba. Wutar gas tana da makunni, a murɗa ta mutu nan take. Wutar itace ba ta da shi, kuma a irin ƙasarmu da irin yanayinmu wannan bambanci ya fi kowane nauyi.

Ya kamata a fara san kayan da ake magana a kansu, don murhun ƙirare na matafiya ba murhun duwatsu uku ba ne irin na tsakar gida. Wani ɗan gwangwani ne na ƙarfe mai bango biyu, da ramuka a gindi da wasu a kusa da baki ta ciki. Iska takan shiga ta ƙasa, wata ta ciyar da wutar kai tsaye, wata ta bi tsakanin bangon biyu ta ɗau zafi, ta fito ta ramukan sama ta haɗu da hayaƙi, sai hayaƙin ma ya kama. In wutar ta zauna da kyau za ka ga ƙananan harsuna suna fitowa daga kowane rami suna haɗuwa a tsakiya, hayaƙi ya ragu ƙwarai, abin da zai rage a ƙarshe ɗan farin toka ne. Dabara ce mai kyau, ban raina ta ba. Irin wanda kamfanoni kamar Solo Stove ke ƙerawa nauyinsa wajen giram 250 ne, kuma maƙerin kasuwa da ya ga hotonsa zai iya fitar da makamancinsa daga gwangwanin madara da na tumatir. Rishon gas kuwa, kansa bai cika giram 100 ba, yana naɗewa ya shige tafin hannu. Ana murɗa shi a kan gwangwani mai cin gas giram 100, ko 230, ko 450. Lita ɗaya ta ruwa takan tafasa a kansa cikin minti uku zuwa huɗu in ba iska. Murhun ƙirare yana buƙatar minti takwas zuwa goma, wannan ma in itacen ya bushe kuma wutar ta riga ta kama, kana tsugune kana tura mata ƙirare ɗaya bayan ɗaya.

Masu goyon bayan itace suna da magana mai ƙarfi, kuma ƙarfinta ya fi yawa a nan fiye da Turai. Suna cewa itace kyauta ne, yana nan ko'ina, ba ka goya shi. Gwangwanin gas kuwa daga waje ake shigo da shi, samunsa sai a 'yan shaguna a manyan birane ko ta intanet, farashinsa yana bin dala, ba a yarda a shiga jirgin sama da shi, in kuma ya ƙare maka a Serti ko Gembu, garuruwan da ke yankin Gashaka da Mambila, to ya ƙare. Gwangwani mai giram 230 idan yana cike nauyinsa ya kusa giram 400, kuma ko ya ƙare ƙarfen na nan a bayanka har ka sauko. Suna ƙarawa da cewa kakanninmu fatake sun yi ta zarya tsakanin Kano da Gwanja suna fataucin goro, tafiyar watanni, ba su san wani gas ba. Fulani makiyaya har gobe da itace suke dafa abincinsu a daji. Buzaye a tsaunukan Ayar da ke Nijar suna dafa shayi a kan ɗan mangal da gawayi kaɗan. Don me mu za mu kwaikwayi Bature mu sayi wuta a gwangwani?

Duk wannan gaskiya ne, sai dai an manta da shekararmu yadda take. Da damina, Gashaka da Mambila suna samun ruwa mai yawa ƙwarai. Komai a jiƙe yake, ƙirare, ganye, ƙasa, har ashanar da ba a ƙulle a leda ba. Murhun ƙirare a irin wannan lokaci hayaƙi kawai zai ba ka da jan ido, ga ka a gajiye, ga duhu na shigowa. Da rani kuma, musamman daga Disamba zuwa Maris, itacen ya bushe yadda ake so, amma ba shi kaɗai ya bushe ba. Ciyawar da ta kai ƙugu a kan tudu ta zama ƙarmami, iskar hunturu na kaɗawa ba fashi, laima ta ƙare a cikin iska. Tartsatsi guda ya isa. Kuma wuta a kan gangare sama take gudu, tana busar da abin da ke gabanta kafin ta iso shi, gudun da mai jaka a baya ba zai iya tsere masa ba. To lokacin da murhun itace ke aiki sosai shi ne daidai lokacin da ya fi haɗari, lokacin da ba shi da haɗari kuma ba ya aiki. Ɗan tsakanin da ya rage, wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, gajere ne. Kuma mafi yawan masu hawa duwatsu da rani suke fita, saboda hanya ta bushe kuma hutun ƙarshen shekara ya zo.

Wani zai ce ai wutar tana cikin gwangwani, ba a ƙasa take ba. Na'am, ya fi a hura ta a fili. Amma ka lura da abin da ke faruwa a zahiri. Kana ɗaga tukunya don ka ƙara itace, iska ta ɗebi tartsatsi. Murhun dogo ne siriri, ga tukunya cike da ruwa a kansa, ga ƙasa ba daidai ba, ƙafar wani ta taɓa shi ya tuntsure da garwashinsa. Gindinsa yakan yi zafin da zai babbake busasshiyar ciyawar da ke ƙarƙashi. An gama girki kuma, sai a zubar da toka, a ga ta yi fari a ɗauka ta mutu, alhali garwashi na iya kwana da rai a ƙarƙashin toka. Kashe shi da gaske yana buƙatar ruwa, a zuba a motsa a sake zubawa har sai an taɓa da hannu an ji sanyi. A kan dutse da rani, inda kowace lita a bayanka ka hau da ita, mutum nawa ne za su yarda su zuba ruwan shansu a kan toka? Abin da ake yi shi ne a tura mata ƙasa da takalmi a wuce. Rishon gas in ya faɗi ma haɗari ne, ban ce ba, amma hannu ɗaya ya isa a rufe shi, kuma bayan an rufe babu abin da ya rage yana jiran iska. Ko a cikin gida an hore mu da hadisi ingantacce cewa a kashe wuta kafin a kwanta, balle a tsakiyar busasshen daji.

Ƙasashen da suka daɗe da wannan yawo sun koyi darasin da tsada. A yammacin Amurka, idan hukumar gandun daji ta sa dokar hana wuta da rani, abin da ta saba bari shi ne risho mai makunni kaɗai, na itace da na barasar ƙonawa duk a hana. A watan Mayun 2012 wata gobara ta cinye dubban eka a Hewlett Gulch kusa da Fort Collins a jihar Kolorado, kuma asalinta ɗan rishon wani mai kwanan daji ne marar makunni. A gandun Yosemite an hana hura wutar itace a sama da ƙafa 9,600, wato wajen mita 2,900. Mai hawa Kilimanjaro a Tanzaniya ba a barinsa ya tsinci itace ya yi girki, masu dakon kaya da gas suke hawa. A Nepal ma, gandun Sagarmatha da aka kafa a 1976 a gindin Everest ya hana ayarin baƙi ƙona itacen wurin, bayan da aka ga yadda dazuzzukan kan hanya ke ƙarewa.

Waɗannan dokoki na kan tsauni ba tsoron gobara kaɗai ya kawo su ba, kuma a nan nake so in daɗe kaɗan, don nan ne kalmar "kyauta" ke yaudararmu. Busasshen reshen da ya faɗi ƙasa yana da aiki. Gara da ƙwari su ci shi, ya ruɓe ya koma ƙasa, tsiro ya samu abin kamawa. A saman tsauni, inda ƙasa ba ta da kauri kuma itatuwa ke girma a hankali, wannan ruɓewa ita ce takin wurin. Mutum ɗaya ya tsinci ƙirare cike da hannu biyu ba a gani. Amma masu hawa ba sa warwatsuwa, wuri ɗaya suke sauka, inda ke da inuwa da ruwa da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Ayari ya zo wannan Asabar, wani ya zo ta gaba. In na ƙasa ya ƙare sai a fara karya na jikin itace, daga nan sai adda. Dazuzzukan da ke maƙale a kwazazzaban Gashaka-Gumti, gandun da aka kafa a 1991 kuma mafi girma a Najeriya, su ne mafakar birai nau'in cimfanzi da ba a samun irinsu sai a Najeriya da Kamaru. Irin wannan daji in ya tafi ba ya dawowa a rayuwar mutum ɗaya.

Inda ba gandu ba kuma, itacen yana da masu shi. Matar ƙauyen da ke gindin dutse, wadda kullum nisan da take zuwa neman itace ƙaruwa yake, ita ba ta da zaɓin gas. Ciyawar kan tudu abincin shanun wani ce har ruwa ya sauka. Ɗan birnin da ya iya biyan kuɗin mota da tanti da takalmin hawa, sannan ya ce kuɗin gwangwanin gas ne ya yi masa yawa, to bai rage kuɗi ba, ya mayar da shi kan mutanen da suka fi shi buƙata ne. Ku dubi abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi tun daga shekarun 1980, yadda suka riƙa barin kututture ya sake tofowa a gonakinsu, suna sassabe shi suna reno, har aka ƙiyasta sun farfaɗo da ƙasa hekta miliyan biyar da itatuwa wajen miliyan 200, gawo da sauransu. Mutanen da suka yi wannan wahala sun san itace ba kyauta ba ne. Kunya ce a ce mu da muke zuwa daji don nishaɗi mu ne ba mu sani ba.

Batun fatake da Fulani kuwa, kada mu yi ado da rigar da ba tamu ba. Bafulatanin da ya tashi a daji ya san inda iska ke bi da yamma, ya san wane itace ke tartsatsi, yana share wuri kafin ya hura, kuma in wuta ta kufce masa shanunsa ne za su kwana da yunwa. Ayarin fatake a zango yake sauka, wurin da aka sani, ƙarƙashin madugun da ke da ikon tsawatarwa. Mu da muka koyi hura wuta a bidiyon waya ba mu da wannan sani. Na san za a ce ai mafarauta da makiyaya ma suna cinna wa daji wuta da gangan kowace shekara. Suna yi, kuma ɓarnar da ake yi ta wannan hanya ta ninka tamu nesa ba kusa ba. Wannan ba dalili ba ne na mu ƙara. Akwai ma maganar tsaro da ba a son faɗi. Hayaƙi da rana da hasken wuta da dare ana hango su daga nesa, kuma a halin da wasu dazuzzukanmu ke ciki, ba kowa kake so ya san inda ka kwana ba.

Ban ce gas ba shi da aibi ba. Babban kukan Turawa da shi sanyi ne, domin gas ɗin butan yana daina tururi a kusa da digiri sifili, shi ya sa ake gauraya isobutan, mai jurewa har kusan digiri 12 ƙasa da sifili, da furofan, mai jurewa har 42 ƙasa da sifili. Wannan bai cika shafarmu ba. Ko da daren hunturu a Jos ko a saman Mambila, in ka ga wutar ta yi rauni da asuba, sa gwangwanin cikin rigarka na ɗan lokaci ya ɗumama. Namu haɗarin zafi ne. A jikin gwangwanin an rubuta kada ya wuce digiri 50, kuma motar da aka rufe aka bari a rana a watan Afrilu tana wuce haka. Kada a bar shi a but ko a gaban gilashi. Kada a kewaye shi da kwano ko duwatsu ruf don tare iska, zafi zai taru ya koma kan gwangwanin. A tsaya ta gefen da iska ke zuwa a kare ta da jaka, a bar sauran ɓangarorin a buɗe. Kada a kunna shi cikin rufaffen tanti komai sanyi ko ruwa, saboda iskar gubar da wuta ke fitarwa ba ta da wari, barci kawai take sa mutum ya zarce. Wannan gargaɗi ya fi tsanani ga masu shiga da garwashi ko kurfoti don jin ɗumi. Sai kuma wata ɗabi'a da nake roƙon a bari, ta sake ɗura wa gwangwanin gas daga babbar tukunyar gida. Ƙarfensa siriri ne, an yi shi don cikawa ɗaya, ba ka san gaurayen gas ɗin da ke tukunyarka ba, ba ka kuma da tabbacin ba ka cika shi fiye da ƙima ba.

Sharar gwangwani ita ce aibin da ya fi damuna. Wanda ya jefar da shi a kan dutse ya zubar da duk hujjar da na kawo. A sauko da shi. A ƙone sauran gas ɗin har ya ƙare ƙaf, a huda shi a fili nesa da wuta, sannan a ba 'yan gwangwan, ƙarfe ne suna so. In aka jefa shi a bola da sauran gas a ciki, ranar da aka cinna wa bolar wuta zai fashe, kuma yara ne suka fi zama kusa da bola.

Tsada kuma tana da magani biyu da muka riga muka sani. Na farko, in tafiyar ta ayari ce, ƙaramar tukunyar gas mai kilo uku, wadda ɗalibai ke girki da ita a makarantu, tana nan a kowane gari kuma ana sake cika ta a ko'ina. Tana da nauyi, ƙarfenta ma ya fi gas ɗin da ke ciki, ba ta dace da mutum ɗaya ba. Amma mutum takwas ko goma in suka raba kaya, ɗaya ya ɗauke ta a rage masa tanti da abinci, ta ishe su kwanaki, babu kuma gwangwanin zubarwa. Na biyu shi ne guzuri. Gwangwani mai giram 230 yana tafasa ruwa wajen lita 15 ko fiye, wanda ya ishi mutum biyu shayi da abinci mai sauƙi na 'yan kwanaki. Abin da ke cinye gas shi ne a ce sai an dafa shinkafa da wake a kan dutse, inda ruwa ma ke tafasa tun bai yi zafin da ya saba ba: a saman Chappal Waddi wajen digiri 92 yake tafasa, don haka wake sai ya ƙara daɗewa. In da gaske muna son koyi da fatake, to a guzurinsu ya kamata mu koya. Kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin rogo, dabino, gyaɗa, dakuwa, garin kunu da ruwan zafi kawai yake nema. A ƙara da kuskus ko taliya. Shinkafa ma in ta tafasa na 'yan mintuna, a kashe wuta a naɗe tukunyar da bargo, za ta ƙarasa da kanta.

Akwai inda zan yarda da murhun ƙirare. Doguwar tafiya ta sama da mako, a ƙasa mai yalwar itace, a wajen gandu, a lokacin da ciyawa ke da ɗanyenta, kusa da rafi, a kan yashi ko falalen dutse, da izinin mutanen wurin. A tsinci wanda ya faɗi da kansa, wanda bai fi yatsa kauri ba. A irin wannan hali ya fi goyon gwangwani huɗu, kuma ya fi wutar fili nesa. Yana da kyau kuma a riƙe shi a matsayin na ko-ta-kwana. Amma kwana ɗaya ko biyu a Shere a watan Janairu bai cika mafi yawan waɗannan sharuɗɗa ba, kuma irin wannan ita ce tafiyar da akasarinmu ke yi.

Tunda abin yanzu yake tasowa a wurinmu, yanzu ne gyara ke da sauƙi, tun ɗabi'a ba ta zauna ba. Shugabannin ƙungiyoyin hawa duwatsu su rubuta a cikin ƙa'idar tafiya cewa daga Disamba zuwa saukar ruwa ba a hura itace, kuma a ƙirga gwangwanin da aka hau da su a ƙirga waɗanda aka sauko da su. Ya kamata hukumar kula da gandayen daji ta ƙasa ta bayyana dokar wuta ƙarara a bakin ƙofa, da Hausa da Fulatanci da Turanci, kuma 'yan jagora su samu ikon cewa a'a ba tare da tsoron rasa ladansu ba. Sannan a samar da gas ɗin a inda ake buƙatarsa. In mai shago a Serti ko Gembu ko Jos ya san kowane ayari zai nemi gwangwani ko ya yi hayar ƙaramar tukunya, zai ajiye, kuma kuɗin zai zauna a garin da ake bi a hau dutsen.